Ƙarin Haraji ko Ƙaruwar Haraji? Wani Tsarin Raya Birane da Matsalar Sanya Masa Suna a Hausa, Tare da Misali Daga Jos

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da hukuma ta shimfiɗa titi, ko ta kafa tashar jirgin ƙasa, ko ta gina kasuwa, filaye da gidajen da ke kewayen wurin sukan ƙara daraja ba tare da masu su sun ɗora ko bulo ɗaya ba. Tun da daɗewa masana tattalin arziki suke tambayar ko wane ne ya cancanci cin wannan daraja: mai filin da bai yi kome ba, ko kuwa jama'ar da aka yi aikin da kuɗinsu. Ɗaya daga cikin amsoshin da aka bayar ita ce wani tsari da ya samo asali a Amurka, inda ake taƙaita sunansa da haruffa uku, TIF. A cikinsa ana cin bashi a yi aiki a wani yanki na birni, sannan a biya bashin da abin da harajin gine-ginen yankin ya ƙaru da shi. Cikin shekarun baya-bayan nan an yi ta tsawaita wa'adin irin waɗannan yankuna, ana kuma shata sababbi, domin samar da gidajen masu ƙaramin ƙarfi da hanyoyin sufurin jama'a.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tsarin da Hausa, a auna shi da tarihi da dokokin birnin Jos, sannan a duba kalmomin da suka dace da shi. Dalilin zaɓen Jos shi ne, birni ne da kuza da layin dogo suka raya, kuma Hausa ce harshen da Birom da Anaguta da Afizere da Hausawa da Fulani da sauran mazauna suka fi haɗuwa a kansa a kasuwa da tasha. Duk wata manufar haraji da za a kawo wa birnin, da Hausa mafi yawan jama'a za su fara jin ta, kuma kalmar da aka fara jefawa a rediyo ita ce za ta zauna.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Tsarin ya dogara ne a kan harajin da ake ɗora wa gida ko fili gwargwadon darajarsa. Hukumar birni takan shata wani yanki, ta ƙiyasta darajar dukkan gine-ginen da ke ciki a wata shekara, ta rubuta. Wannan ita ce darajar tushe. Harajin da tushen ke bayarwa zai ci gaba da shiga baitulmali kamar yadda aka saba. Amma duk abin da ya hau kansa a shekarun da ke tafe, saboda gine-gine sun ƙara daraja ko an yi sababbi, sai a zuba shi a wani asusu na daban wanda ba a kashe shi sai a cikin yankin.

Alal misali, a ƙaddara wata unguwa ce da harajin gine-ginenta yake naira miliyan 100 a shekara. Aka ci bashi aka kafa tasha, aka gyara magudanai, aka ja ruwan famfo. Bayan shekara goma harajin ya kai miliyan 160, alhali kason da ake karɓa daga kowace naira ta darajar gida bai canza ba. Miliyan 100 za ta tafi inda ta saba tafiya, miliyan 60 kuwa ita ce za a riƙa biyan bashin da ita. Idan wa'adi ya cika, sai a rufe asusun, dukkan kuɗin su koma baitulmali. Manomin da ya ci bashin taki da damina don ya biya da kaka ba zai sha wahalar gane wannan ba, har da haɗarin da ke ciki: idan damina ba ta yi kyau ba, bashi yana nan.

Jihar Kaliforniya ce ta fara amfani da tsarin a 1952, daga baya kusan dukkan jihohin Amurka suka yi dokarsa. Daga 1976 dokar Kaliforniya ta wajabta ware kashi 20 cikin ɗari na kuɗin domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Sai dai a can ɗin ne kuma aibinsa ya fi fitowa fili. Hukumomin raya birane kimanin 400 da ke jihar sun kai ga riƙe wajen kashi 12 cikin ɗari na dukkan harajin gine-gine, kuɗin da da makarantu da ƙananan hukumomi za su samu, har gwamnatin jihar ta rushe su baki ɗaya a 2012. Babbar tambayar da masu suka ke yi ita ce, shin aikin ne ya jawo ƙaruwar, ko kuwa ko ba a yi shi ba darajar za ta hau? Idan na biyun ne, to, ba a samar da sabon arziki ba, an dai kwashe daga wannan aljihu an zuba a wancan.

2.1 Tsawaitawa da Faɗaɗawa

Ingilishi yakan yi amfani da aikatau guda ɗaya ga abubuwa biyu da Hausa ta raba: a tsawaita wa'adin yanki, da a faɗaɗa iyakarsa. Wajibi ne mai fassara ya san wanda ake nufi. A jihar Ilinoyi, inda birnin Shikago yake, wa'adin yanki shekara 23 ne, kuma majalisar jiha tana iya ƙara masa 12 ya zama 35. A 2016 aka yi wata doka ta musamman domin sufuri, wadda ta ba Shikago damar shata dogon yanki da ya bi layin jirgin cikin gari, rabin mil ta kowane gefe, na tsawon shekara 35, domin sabunta layin arewacin birnin. A wannan karon an bar wa makarantu kasonsu cikakke, wato an koyi darasi daga ƙorafin da aka daɗe ana yi. A birnin Fotland kuwa, majalisar gari ta ware kashi 30 cikin ɗari na kuɗin domin gidaje a 2006, ta ɗaga shi zuwa 45 a 2015.

Misalin Landan ya fi nuna inda gizo ke saƙa. An miƙa layin jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Battersea, aka buɗe shi a 2021, da bashin da ya kai fam biliyan ɗaya wanda ake biya daga ƙaruwar harajin wuraren kasuwanci da gudummawar masu gine-gine. Amma a 2017 an rage yawan gidaje masu sauƙin kuɗi da aka yi alkawari a babban ginin unguwar daga 636 zuwa 386. Jirgi da gidan talaka daga tukunya ɗaya suke ci. Bugu da ƙari, tsarin ba ya samun kuɗi sai daraja ta hau, hauhawar daraja kuwa ita ce ke korar ɗan haya. Saboda haka ware kaso domin gidaje ba kyauta ba ce, diyya ce ta ɓarnar da tsarin da kansa yake jawowa.

3.0 Jos: Darajar da Aikin Hukuma Ya Haifar

Wannan tunani ba baƙo ba ne a Arewacin Nijeriya, ko da yake ba da wannan suna ya zo ba. Sir Percy Girouard, wanda ya gaji Lugga a 1907, injiniyan layin dogo ne, kuma shi da C. L. Temple sun tasirantu da ra'ayin Henry George, Ba'amurken da ya yi kira a littafinsa na 1879 da a mayar wa jama'a darajar da ƙasa ke samu ba da gumin mai ita ba. Kwamitin filaye na 1908 da dokar filaye ta 1910, wadda ta sanya ƙasar Arewa a hannun Gwamna, daga nan suka sha ruwa. Girouard ya san cewa layin dogon da ake ja daga Baro zuwa Kano zai ɗaga darajar ƙasa, bai kuma so 'yan kasuwar filaye su cinye ta ba.

A tsaunukan Filato an ga wannan ƙaruwa ƙuru-ƙuru. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun iso yankin neman kuza a farkon ƙarni na ashirin, a lokacin da ake ɗaukar ta a ka zuwa bakin kogin Binuwai. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Jos da Bukuru a 1914, aka shata garin a hukumance a 1915, sannan babban layi daga Fatakwal ya iso ta Kafanchan a 1927, ya kawo kwal daga Inugu, ya kwashi kuza zuwa teku. A 1943 abin da aka haƙa ya haura tan 17,000. An rufe ƙaramin layin a 1957, amma unguwar da ke kusa da ƙarshen layin dogo, wadda har yau ake kira Taminus, ta riga ta zama cibiyar ciniki.

Ina darajar ta tafi? Rabin kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan ma'adinai yana tafiya ne ga Kamfanin Neja da magajinsa UAC, bisa yarjejeniyar da aka yi lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun kamfanin a 1900, har sai da aka fanshi wannan haƙƙi a 1950. Garin kuma an raba shi biyu: ɓangaren bariki mai faffaɗan filaye da tituna, da garin 'yan ƙasa inda leburori da 'yan kasuwa suka cunkushe a Gangare da makwabtanta. Manoman da aka haƙe gonakinsu sun tashi da kududdufai. Da kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, babu wani asusu da aka tara wa garin daga shekarun wadata.

Zagaye na biyu ya zo da mulki. Jos ta zama hedkwatar Jihar Binuwai-Filato a 1967, ta Filato a 1976. Reshen Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1971 ya zama Jami'ar Jos a 1975, filayen Hanyar Bauchi da Naraguta da Unguwar Rogo da Farin Gada suka shiga hannun masu gina ɗakunan haya. An kafa hukumar raya birnin, JMDB, a tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Doxiadis na ƙasar Girka ya zana taswirar birnin ta 1975 zuwa 2000, aka sake wata ta 2008 zuwa 2025. Babbar kasuwar Taminus, wadda aka fara tunaninta zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, an buɗe ta a 1985, ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Ƙonewarta ta nuna ɗaya fuskar al'amarin: kamar yadda aikin hukuma ke ɗaga daraja, rashinsa yana watsa ta, domin ciniki ya bazu kan tituna da ƙananan kasuwanni irin su Katako da Farin Gada.

3.1 Abin da Doka ta Tanada

Abin da ya fi kusa da tsarin Amurka a dokokin Nijeriya shi ne kuɗin kyautatuwa, wato abin da hukuma ke iya nema daga wanda gininsa ya ƙara daraja saboda aikinta. Dokar tsara garuruwa ta 1946 ta tanade shi, ta kwaikwayo dokar Ingila ta 1932 wadda ta yarda a karɓi har kashi 75 cikin ɗari na ƙaruwar, kuma Doka ta 88 ta 1992 ta gaje ta. Bambancinsu shi ne, kuɗin kyautatuwa sau ɗaya ake nemansa daga mutum, shi kuwa wancan tsari haraji ne na shekara-shekara da ake karkatar da wani sashe nasa.

A nan ne cikas na farko yake. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni ga Gwamna, saboda haka jiha ce ke ba da takardar mallaka, ita ke karɓar kuɗin hayar ƙasa. Tsarin Mulki na 1999 kuwa, a Jadawali na Huɗu, ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidaje domin harajin gini, bisa abin da majalisar jiha ta ƙayyade. Birnin Jos ya ratsa Jos ta Arewa da Jos ta Kudu, waɗanda aka raba a 1991, ya kuma taɓa Jos ta Gabas da Bassa. Layin dogon kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Ke nan duk yankin da za a shata daga Taminus zuwa Bukuru, mai fili daban, mai haraji daban, mai layi daban. Jihar Legas ta warware irin wannan ƙulli a 2001 da ta haɗe kuɗin hayar ƙasa da harajin gini da kuɗin gyaran unguwa suka zama caji ɗaya wanda jiha ke karɓa ta raba, amma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya ƙara wa masu cewa a bar musu abinsu ƙarfin gwiwa.

4.0 Matsalar Kalmomi

Aikin ƙirƙirar kalmomin fannu a Hausa ya yi nisa a fagen nazarin harshe da adabi, musamman bayan fitowar littafin keɓaɓɓun kalmomi na 1990 wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, da kuma ƙamusun kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu na 1991. Fannin kuɗin gwamnati bai sami irin wannan gata ba, akasari an bar shi a hannun masu fassara labarai, waɗanda agogo ke kora.

4.1 Haraji

Hausa ba ta da talaucin kalmomi a wannan fage. Akwai kuɗin ƙasa, da jangali a kan shanu, da kuɗin shuka ko kuɗin rafi a kan noman fadama, da kuɗin karofi a kan marina, ban da zakka wadda ibada ce. Kowanne ya ambaci abin da aka ɗora shi a kansa. Ita kuwa kalmar haraji, wadda aka aro daga Larabci inda take nufin kuɗin da ake biya a kan ƙasar noma, ta koma a zamanin En'e tana nufin kuɗin da ake bi kan kowane baligi, mai shi da marar shi. Da wannan ma'ana ta shiga zukata, tare da hoton dagaci da dogari da mutumin da ya gudu ci-rani don ya samo abin biya. Soke haraji da jangali da gwamnonin PRP suka yi a Kano da Kaduna a 1979 ya tabbatar da cewa kalmar ta zama ta siyasa. Abin lura shi ne, tsarin da ake magana a kai ya fi kusa da ma'anarta ta asali. Duk da haka babu wata kalma da za ta maye gurbinta, sai dai a riƙa ɗaure ta da abin da ta hau kansa, a ce harajin gini, kamar yadda magabata suka yi.

4.2 Ƙari da Ƙaruwa

Wannan shi ne muhimmin wuri. Fassarar da za ta fara zuwa bakin mai fassara ita ce ƙarin haraji, kuma kuskure ce. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Gwamnati ta ƙara haraji.
(2) Haraji ya ƙaru.
(3) An yi ƙarin haraji a Bukuru.
(4) An sami ƙaruwar haraji a Bukuru.

Bisa rabon da F. W. Parsons ya yi wa aikatan Hausa a 1960, ƙara tana giredi na ɗaya, so-karɓau ce, tana bukatar aikau wanda ya yi aikin da niyya. Ƙaru kuwa tana giredi na bakwai, ƙi-karɓau ce, abin da aikin ya shafa shi ne ke zaune a gurbin aikau. Sunayen da suka fito daga gare su sun gaji wannan bambanci, shi ya sa (3) ta ɗauki yi, (4) ta ɗauki samu. Bahaushen da ya ji (3) zai fahimci cewa an ɗaga abin da zai biya da gangan, kamar ƙarin kuɗin mai ko ƙarin kuɗin makaranta. Wanda ya ji (4) zai fahimci cewa abin da ke shiga asusu ne ya yi yawa. Tsarin kuwa bai taɓa kason da ake karɓa ba, saboda haka (4) ce daidai. Ana iya kiran sa biyan aiki da ƙaruwar haraji, a taƙaice tsarin ƙaruwa.

Sai dai akwai hattara iri biyu. Ta farko, ƙaruwa kalma ce mai daɗin ji, ita ake faɗa idan an yi haihuwa, kuma tana iya rufe gaskiyar cewa mai gidan da darajarsa ta hau zai ga takardarsa ta yi nauyi, ko da kaso bai motsa ba. Tsohuwar da ta gaji gida a Dilimi, ba ta da niyyar sayarwa, ba ta ga wata ƙaruwa ba sai ta abin da ake bin ta. Kalmar ta yi daidai ta fuskar nahawu da doka, amma ba ta ɗauke wa mai bayani nauyin faɗin wannan ba. Ta biyu ta rubutu ce: idan aka buga kalmar da na'urar da ba ta da ƙ mai lanƙwasa, kamar yadda ake yi a yawancin takardun ofis da allunan sanarwa, abin da zai fito wata kalma ce dabam wadda ba ta dace da takardar gwamnati ba.

4.3 Gunduma, Shiyya, Da'ira

Ƙamusoshi sukan ba da gunduma a madadin kalmar Ingilishin da ake kiran yankin da ita. Amma gunduma ƙasar hakimi ce, kuma a Jos batun wane ne ke da gunduma da sarautarta yana cikin abubuwan da ake jayayya a kansu tun kafin rikicin 1994. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun sa mazauna da yawa sun sake unguwa bisa addini, har kowane layi da aka ja a taswira ana karanta shi da idon wa ya samu, wa ya rasa. Sanarwar da ta ce za a ƙirƙiro sabuwar gunduma daga Gangare zuwa Anglo-Jos tana iya tayar da ƙurar da ba ta da alaƙa da haraji ko kaɗan. Shiyya ta fi sauƙi, amma ta riga ta kama ma'anar rabon siyasa. Da'irar aiki ta fi dacewa, domin ba ta da sarki, kuma tana nuna abin da aka zana na ɗan lokaci.

4.4 Gidaje da Sufuri

Shirin gidaje na gwamnatin Shagari, wanda ya ƙudurci gina 2,000 a kowace jiha duk shekara daga 1980, ya bar wa Hausa kalmar lokos, wadda a Jos, kamar sauran birane, ta zama sunan unguwa kawai, kamar na wajen Rantiya. Lokos da gidaje masu araha duka suna magana ne a kan abin da aka kashe wajen gini, araha kuma tana ɗauke da raini, tun da an ce ba ta ado. Abin da tsarin ke nufi kuwa dangantaka ce tsakanin kuɗin gida da samun mai zama ciki. Ma'aunin da aka saba da shi a Amurka shi ne kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da iyali ke samu. A kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, wannan ya kama naira 21,000 a wata, ko 252,000 a shekara, kuma a dunƙule masu gida suke son kuɗinsu. Gidaje daidai ƙarfi ya fi kusa da wannan ma'ana. Sufurin jama'a kuwa ta zauna, ba ta bukatar gyara.

5.0 Hanyar Taminus Zuwa Bukuru

Idan akwai inda tsarin zai iya kama ƙasa a Jos, to, wannan hanya ce. Birnin ya miƙe ne daga arewa zuwa kudu tsakanin duwatsu, kimanin kilomita 15 daga Taminus zuwa Bukuru, titi da layin dogo suna tafiya kusa da juna ta Anglo-Jos da Daɗin Kowa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomin Jos uku mutum fiye da 800,000. Tun da aka hana acaɓa a cikin birnin a 2012 nauyin ya koma kan Keke Napep da tasi, janye tallafin mai a Mayun 2023 ya ninka kuɗin mota, a 2024 kuma gwamnatin jihar ta fito da manyan bas-bas na cikin gari. Bas da ake tallafa wa daga kasafin shekara yana rayuwa ne gwargwadon ƙarfin kasafin. Abin da tsarin ƙaruwa ke alkawari shi ne kuɗin da ba ya jiran kason wata-wata daga Abuja.

Amma sharaɗinsa na farko shi ne darajar tushe, ita kuwa ba ta samuwa sai da rajistar da ta ƙunshi kowane gini da ƙimarsa. Jihar ta kafa PLAGIS domin sanya bayanan filaye a kwamfuta, kuma shirin Bankin Duniya na gyaran harkar kuɗin jihohi da aka fara a 2018 ya ba da lada ga jihohin da suka sabunta rajistar gine-ginen birane. Duk da haka gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni da waɗanda suka hau duwatsu, irin su Jenta da Tudun Wada da Unguwar Rukuba, takardar ciniki ce kawai a hannun masu su, mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan yana haifar da wani ruɗani na musamman. Idan aka shata da'ira yau, aka shigar da gidajen da ba sa cikin rajista gobe, kuɗin da za su kawo zai bayyana kamar ƙaruwa, alhali ba daraja ce ta hau ba, hannun mai karɓa ne ya ƙara tsawo. Wannan, a ma'aunin jimlolin da aka kawo a sama, ƙari ne sanye da rigar ƙaruwa.

Sharaɗi na biyu ya shafi naira. A Amurka, inda hauhawar farashi ba ta cika wuce kashi kaɗan ba, daskarar da tushe na shekara 23 yana rage ƙimarsa sannu a hankali. A Nijeriya hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Ko da a ce kashi 20 ne kacal a kowace shekara, farashi yana ninkawa cikin ƙasa da shekara huɗu. A koma ga misalin farko: miliyan 100 ɗin da aka bar wa ƙaramar hukuma, bayan shekara goma ƙarfin sayenta bai kai na miliyan 17 ba, sauran duk ya zube cikin asusun da'ira da sunan ƙaruwa, ko da ba a dasa ko fitila ɗaya ba. Makarantun firamare da ɗakunan shan magani na Kabong da Rikkos da Gyel, waɗanda ke wajen layin, su ne za su biya. Tsawaita wa'adi daga 23 zuwa 35 a irin wannan hali daidai yake da miƙa harajin yankin ɗungurungum. Maganinsa a doka shi ne a riƙa ɗaga tushen duk shekara gwargwadon hauhawar farashi, a kuma sake lissafa shi duk lokacin da aka shigar da tsohon gini cikin rajista. A wajen fassara kuma sai an raba daraja, wadda aiki ke ɗagawa, da farashi, wanda faɗuwar naira ke ɗagawa, domin a maganar yau da kullum tsada ta haɗiye su duka biyu, kuma mai sauraro a Bukuru da aka ce masa filaye sun yi tsada ba zai san wanne ake nufi ba.